Tai chi: me kalmar take nufi?

Kwanan nan kalmar tai chi, sunan wani atisayen Sinawa na motsa jiki a hankali, ta yawaita a shirye-shiryen lafiya da bidiyoyin Facebook, musamman in ana batun faɗuwar tsofaffi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ta fassara ta da "ƙarfin numfashi", ko wata ɓoyayyiyar iska mai yawo a jiki. Kuskure ne, kuma daga rubutu ya taso.

Sinawa suna da kalmomi biyu mabambanta. Akwai qi, wato numfashi ko kuzarin jiki. Akwai kuma ji, ita ce ke cikin tai chi. A tsohon tsarin Wade-Giles na rubuta Sinanci da boko, ta farko ch'i ce, ta biyu chi. Ɗan wakafin sama ne kaɗai ya raba su, kamar yadda lanƙwasa ke raba kasa da ƙasa. Da aka yar da wakafin, sai kalmomin suka cakuɗe. Asalin ji kuwa ita ce azarar da ke can ƙololuwar rufin gida, wadda sauran itatuwa ke jingina da ita, daga baya ta koma nufin matuƙar abu. Ni a ganina hoton nan ya ishi mai son fahimta: abu ɗaya ya tsaya daidai a tsakiya, komai ya dogara da shi.

Cikakken sunan taijiquan ne, tai na nufin babba, quan kuma dunƙulen hannu. Dabarar faɗa ce da ake dangantawa da ƙauyen Chen a lardin Henan, kafin a taƙaita ta zuwa motsi 24 a 1956 don jama'a.

Dubi dattijo yana yi. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya ɗora nauyinsa duka a ƙafar hagu, ya ɗaga ta dama a hankali, ya sauke diddige tukuna, sannan ya maida nauyin kanta. Abin da ke gagarar tsoho ke nan sa'ad da zai tsallake dokin ƙofa. A wani bincike a jihar Oregon ta Amurka da aka wallafa a 2018, cikin mutum 670 'yan shekara 70 zuwa sama, masu tai chi sun samu raguwar faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari a kan masu miƙe gaɓoɓi kawai. Duk wanda ya gaya wa kakarmu cewa wannan harkar iska ce, ya hana ta atisayen da zai tsare mata ƙugu daga karaya.