Su wa suka fi nuna girman damben zamani? Tambayoyi da amsoshi

Maraɗi garin kokowa ne. Ko filin kokowarmu sunan Yakuba Ango Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya fara cin takobin ƙasa a 1975. Amma tun da wayoyi suka yawaita, damben zamani ya samu gurbi a hirar fada. Daga unguwar Zariya har ta Ali Ɗan Sofo, in aka ɗora shayi, musun ba ya wuce wa ya fi tsakanin Muhammad Ali da Mike Tyson. Ga tambayoyin da samari suka fi yi mini, da abin da nake ce musu.

Malam, da me ake auna girman ɗan dambe? Ba yawan nasara ba ne?

Nasara na ciki, amma ita kaɗai ba ta isa. Ni abin da nake fara tambaya shi ne: wa ya buge? Sannan ranar da aka buge shi, me ya yi daga baya? Ɗan kokowar da ya kada duk samarin ƙauyensu amma bai taɓa shiga gasar takobi ba, babu mai kiransa sarki. Haka dambe yake. Manyan da ake ambato kusan dukkansu sun sha kashi, kuma sun koma sun nemi wanda ya buge su.

To wa masana suka fi sawa a gaba?

Sugar Ray Robinson, Ba'amurke, wanda da yawa cikinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Ya yi dambe kusan 200. Daga 1943 zuwa 1951 ya shiga fage sau 91 a jere ba a buge shi ba. Ya riƙe kambun ajin kilo 67, ya hau ajin kilo 73 ya ci kambun har sau biyar. Wanda ya fara buge shi, Jake LaMotta, ya fi shi nauyi sosai. Sau shida suka kara, Robinson ya ci biyar.

Akwai damben da ya faɗi wanda ya fi burge ni a kan wasu nasarorinsa. A watan Yuni na 1952, a New York, ya haura ajin kilo 79 ya tunkari Joey Maxim. Ma'aunin zafi ya kai wajen 40, mu nan mun san abin da hakan ke nufi. Alƙalin wasan kansa ya kasa, aka canza shi a turmi na 10. Robinson na gaba a maki wajen duk masu hukunci, amma da aka gama turmi na 13 ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Shi ke nan sau ɗaya da aka tsayar da shi kafin ƙarshen dambe a duk rayuwarsa. Shi kansa Ali ya sha faɗin cewa Robinson ne gwaninsa.

Ai ke nan ba Muhammad Ali ne na ɗaya ba?

A iya dambe zalla, ana musu. A girman mutum kuwa, ban ga na biyunsa ba. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960. A 1964, yana ɗan shekara 22, ya karɓe kambun masu nauyi daga Sonny Liston, ya bayyana shigarsa Musulunci, ya ajiye sunan Cassius Clay. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambun, aka hana shi dambe shekara uku da rabi, daidai ganiyar ƙarfinsa. Da ya dawo, Joe Frazier ya buge shi a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Duka biyun ya koma ya rama.

Sai Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974, da asubar fari don mutanen Amurka su samu kallo da darensu. George Foreman na da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa buge shi ba, kuma Frazier da Norton kowanne a turmi biyu ya gama da shi. Ali na da 32, har na kusa da shi suna jin tsoron abin da zai same shi. Sai ya jingina da igiya, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana ta jibgar haƙarƙari da damatsa. Da ya ga ƙofa sai ya sakar masa naushi biyu uku a fuska, ya riƙo wuyansa, ya raɗa masa magana a kunne don ya ƙara tunzura. Turmi na biyar ya wuce, hannun Foreman ya fara nauyi. A ƙarshen na takwas Ali ya zame daga igiyar, ya jera masa naushi, ya rufe da na dama. Foreman ya yi katantanwa ya zube. Ali na riƙe da wani naushin a hannu, bai sake shi ba.

Bayan shekara ɗaya, a Manila, shi da Frazier suka daki juna turmi 14 har idanun Frazier suka rufe, mai horar da shi Eddie Futch ya hana shi fita na 15. Sai dai Ali ya daɗe a fage fiye da kima. Damben da ya yi da Larry Holmes a 1980 ba abin kallo ba ne. A 1984 aka tabbatar yana da cutar makyarkyata ta Parkinson, da ita ya zauna har rasuwarsa a 2016.

Tyson fa? Ai babu wanda ake tsoro kamarsa.

Wannan gaskiya ne. A 1986, yana ɗan shekara 20, ya zama mafi ƙuruciya da ya taɓa riƙe kambun masu nauyi. A 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Bidiyonsa gajere ne, ba ya cin data, shi ya sa ya cika wayoyinku. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokiyo a 1990. Evander Holyfield ya tsayar da shi a 1996, da suka sake haɗuwa a 1997 sai ya cije masa kunne aka kore shi. Lennox Lewis ya buge shi a 2002. Cikin waɗanda suka buge shi babu ko ɗaya da ya koma ya rama a kansa. Gwani ne, amma ba na sa shi a sahun Ali.

Mayweather bai taɓa faɗuwa ba, 50 babu ko ɗaya. Wannan bai isa ba?

Wajen kare kai da kauce wa naushi, da wuya a samu irinsa. Sai dai karawarsa da Manny Pacquiao ta zo a 2015, bayan an yi shekaru ana jira, na 50 ɗin kuma da Conor McGregor ne, wanda ba ɗan damben zamani ba ne. Ku gwada da Leonard, Hagler, Hearns da Durán, gwanaye huɗu da suka kara da juna a shekarun 1980: ba wanda ya guje wa wani, kowannensu ya sha kashi, kuma har yau turmi ukun da Hagler ya yi da Hearns a 1985 ake nuna wa masu koyo.

Akwai na da can da muka manta?

Joe Louis. Ya riƙe kambun masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Max Schmeling na Jamus ya kwantar da shi a 1936; da suka sake gamuwa a 1938, lokacin da gwamnatin Hitler ke taƙama da Schmeling, minti biyu da daƙiƙa huɗu suka ishe shi. A wannan shekarar kuma Henry Armstrong ya riƙe kambu uku lokaci guda, alhali aji takwas ne kacal a duniya. Yau aji aƙalla 17 ne, ga ƙungiyoyi huɗu kowace da nata kambun.

Duk Amurkawa ka lissafo. Mu Afirka ba mu da kowa?

Muna da su. Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal, ya buge gwarzon Faransa Georges Carpentier a birnin Faris a 1922 ya zama zakaran duniya. Hogan Bassey na Najeriya ya ci kambu a 1957. Dick Tiger, shi ma ɗan Najeriya, ya karɓe na kilo 73 daga Gene Fullmer a 1962, ya sake buge shi a Ibadan a 1963, sannan ya haura ya ci na kilo 79 a 1966. Azumah Nelson na Gana kuwa, an kira shi ne a ƙurarren lokaci a 1982 ya maye gurbin wani; ya kai Salvador Sánchez har turmi na 15 kafin a tsayar da shi, bayan shekara biyu ya buge Wilfredo Gómez ya ɗauki kambun.

Nijar fa?

Lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu, dambe ne ya kawo ta: Issaka Dabore, tagulla, a Munich a 1972, a zuwansa gasar na uku. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoul Razak Alfaga ya ƙaro ta biyu, azurfa a wasan tekwando, a Rio a 2016.