Manyan Tayoyin Daji a Kan A-kori-kura: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta tayar daji da wadda mota ta zo da ita?

Tayar daji, wadda ake rubuta wa A/T a gefenta, an ƙera ta ne don ta iya da kwalta, ta kuma iya da tsakuwa, rairayi da taɓo marar zurfi. Zanenta ya fi zurfi, tsagoginta sun fi faɗi, gefenta kuma ya fi kauri don kada dutse ko kututture ya yaga shi. Kamfanin BFGoodrich ne ya fito da fitacciyar irinta a 1976, yau kuwa kusan kowane kamfanin taya yana da tasa. Ga wanda aikinsa ke kai shi gona, wurin haƙar ma'adinai ko hanyar da ruwa ya cinye, alherinta a fili yake. Inda ake samun matsala shi ne wajen ƙara girma da nauyi a lokaci guda ba tare da lissafi ba.

Yaya zan san girman da nake ƙarawa?

Lambobin gefen taya sun faɗi komai. A ce motarka ta zo da 265/65R17, kamar yadda Toyota Hilux da yawa ke zuwa. 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kai kusan milimita 776. Idan ka koma 265/70R17, tsayin zai zama kusan 803, ƙarin kashi 3.4 cikin ɗari ke nan.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: rabin wannan ƙarin kawai ne ke ɗaga motar daga ƙasa, domin ɗaya rabin yana sama da aksil. Ƙarin milimita 27 a tsayin taya yana ba ka kimanin milimita 13 a ƙarƙashin mota, bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Duk da haka ba abin rainawa ba ne, don taya ce kaɗai ke ɗaga aksil ɗin kansa. Ɗaga jikin mota ko sauya sifirin ba ya yin wannan.

Ashe nauyin taya har ya kai a damu da shi? Motar kaya ce fa.

Nan ne na fi son mu daɗe, don nauyi ya fi girma yin ɓarna a ɓoye. Tayar kwalta mai girman 265/70R17 tana kai wajen kilo 18. Tayar daji mai kauri sosai a wannan girman tana iya kai kilo 24. Kilo shida a kowace ƙafa, wani zai ce ai buhu guda a bayan mota ya fi wannan. Amma buhu yana zaune ne a kan sifirin, taya kuwa tana ƙarƙashinsa. Duk ramin da ka faɗa, wannan nauyin ne ke tsalle sama ya dawo, shokozoba kuma ita ce ke kokawar tsayar da shi. Aikinta ya ƙaru, ta fi saurin zafi da gajiya, tayar kuma ta riƙa rabuwa da ƙasa a hanya mai gargada. Boris ɗin ƙafa, robobin hannun taya da sandunan sitiyari duk suna shan nasu rabon, sai ka ga ana sauya su tun lokacinsu bai yi ba.

Sannan taya juyawa take yi. Inji sai ya ƙara ƙarfi kafin ya juya ta, birki ma sai ya ƙara ƙarfi kafin ya tsayar da ita, ga shi tsayinta ya ƙara mata rinjaye a kan birkin. Sakamakon shi ne tazarar tsayawa ta ƙaru, musamman da kaya a baya ko a gangara. Wanda ya sa manyan tayoyi ya kamata ya duba birkinsa a wannan makon, ya kuma ƙara tazara tsakaninsa da motar gaba.

Mai sayarwa ya ce in ɗauki mai alamar E, wai ta fi ƙarfi. Gaskiya ne?

Ta fi ƙarfi, amma ba kowa ke buƙatarta ba. Tayoyin da lambarsu ta fara da LT, wato na ƙananan motocin kaya, suna zuwa a matakai: C, D da E, waɗanda ake kwatanta ƙarfinsu da rufi 6, 8 da 10. Mai C tana ɗaukar iska har psi 50 (psi ma'aunin matsin iska ne), mai D 65, mai E 80. An yi E ne don manyan motoci masu jan tirela da ɗaukar kaya masu nauyi kullum. A kan matsakaiciyar a-kori-kura da galibi ke tafiya babu kaya, za ta sa motar ta yi tauri, kowace tsakuwa ka ji ta a bayanka. A ganina C ta wadatar wa mafi yawan mutane, sai dai wanda ke bin duwatsu masu kaifi ko yake lodi har baki.

Abin da ba a wasa da shi shi ne lambar ɗaukar nauyi da ke gefen taya. 112 na nufin kilo 1,120 a kowace taya, 121 kuma kilo 1,450. Kada sabuwar ta gaza ta asali.

To in na sa mai 121, zan iya ƙara lodi ke nan?

A'a. Iyakar lodin mota yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma aksil, sifirin, birki da ƙashin motar ne suka yanke shi. Taya ba ta sauya shi.

Iska nawa zan sa?

Lambar iska da ke jikin ƙofa ta tayar asali ce. Tayar LT tana buƙatar iska fiye da ta ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka in ka bar ta a tsohuwar lambar tana iya yin zafi a doguwar tafiya. Lambar da ke gefen taya kuma iyaka ce, ba umarni ba. Kamfanonin taya suna da jadawalin nauyi da iska, shi ya kamata a bi. Bayan haka akwai gwajin alli: ka ja layi mai kauri a faɗin tayar daga gefe zuwa gefe, ka tuƙa 'yar tazara a miƙe a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sauko ka duba. In tsakiya ce kawai ta goge, iska ta yi yawa. In gefuna ne suka goge tsakiya ta rage, ta yi kaɗan. A rairayi ana rage iska don tayar ta baje, amma a mayar da ita kafin a hau kwalta.

Za ta goga jikin mota?

Sai an gwada. A tsaye komai yana iya yin daidai, amma ka murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, gaba da baya, sannan ka hau da ƙafa ɗaya kan tudu don sifirin ya matse. Leƙa cikin madigadi da tocila. In ka ga robar ciki ta yi sheƙi a wuri guda, ko baƙin tabo a ƙarfen hannun taya, to tana gogawa. Ƙaramar guga a roba ana iya gyara ta da yanka ko matsar da robar. Guga a ƙarfe ko kusa da bututun birki kuwa ba abin haƙuri ba ce. Ɗaga mota ba koyaushe yake magance ta ba, domin duk sanda sifirin ya matse tayar tana komawa inda take a da. Rim mai turo taya waje yana raba ta da hannun taya, amma yana ƙara wa boris wahala.

Me ya sa motar ta yi sanyi, agogon gudu kuma ya daina faɗin gaskiya?

Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, motar kuwa juyi take ƙirgawa. Da ƙarin kashi 3.4, in agogo ya nuna 100 kana kan 103 da ɗoriya, in ya ƙirga kilomita 500 ka yi kusan 517. Wannan yana rikita lissafin mai da lokacin juye. Man da take sha zai ƙaru, amma sai ka gyara lissafin kilomita kafin ka san ko nawa ne. A motoci da yawa ana iya saita kwamfutar da sabon girman.

Sanyin kuma daga giya yake. Motar da giyar aksil ɗinta 3.73 ce, wato sandar da ke kawo ƙarfi daga giyabos tana juyi 3.73 kafin taya ta yi juyi ɗaya, in aka ɗauke ta daga taya mai inci 31.6 zuwa 35, za ta koma kamar mai 3.37: tashi da nauyi, hawan tudu da nishi, kuloci ko giyabos yana shan zafi. Gyaran shi ne a sauya giyar aksil zuwa 4.10, kuma a mota mai jan ƙafa huɗu dole a sauya gaba da baya tare. Saboda wannan ne nake ba da shawarar a tsaya a mataki ɗaya sama da girman asali, inda ba a buƙatar taɓa aksil.

Safaya fa?

A saya biyar. Ƙaramar safaya tare da manyan tayoyi uku tana wahalar da giyar aksil, musamman in an sa jan ƙafa huɗu. Tun kafin ka biya, gwada ka ga ko babbar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi ba tare da ta taɓa salansa ba. Don sanin lokacin da aka ƙera taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefenta: 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen, sannan a sake ɗaure notocin ƙafa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.