Tef Mai Gam da Kayan Kariya a Aikin Hannu da na Lantarki

Tef mai gam, wanda mutane da yawa ke kira salatif, siririn ƙyalle ne na roba ko takarda ko yadi ko ƙarfe da aka shafa wa gam a fuska ɗaya ko duka biyun, aka naɗe shi kamar gammo. Bambancinsa da gam ɗin kwalba shi ne ba ya jiran bushewa. Ba a jiƙa shi, ba a ɗumama shi, dannawa kawai ake yi ya kama. Kafinta da makanike da mai fenti da mai gyaran kayan lantarki duk suna aiki da shi, wajen ɗaure abu, rufe waya, kare wani wuri daga fenti ko zafi, da toshe hanyar ƙura da danshi.

Kowane tef abu biyu ne aka haɗa: jikin da ke ɗauke da gam, da gam ɗin kansa. Kowannensu da iyakar abin da yake iya jurewa, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke wa tef ɗin kwana. Shi ya sa taɓa tef da yatsa don a ji danƙonsa ba ya gaya wa mutum komai game da yadda zai kasance bayan shekara guda a cikin injin mota ko cikin akwatin rediyo.

## Asali

Daga ɗakin magani tef ya fito. A 1845 wani likitan fiɗa mai suna Horace Day ya shafa danƙon roba a tsummokaran yadi don ɗaure rauni, sannan a 1882 Paul Beiersdorf, mai haɗa magunguna a birnin Hambog na Jamus, ya yi rajistar filastarsa. Kamfaninsa ne daga baya ya fito da tef ɗin Tesa.

Shigarsa masana'antu ta zo ta hannun Richard Drew na kamfanin 3M a Amurka. A lokacin ana yayin motoci masu launi biyu, masu fenti kuma suna fama da takardar da suke liƙawa a kan iyakar launukan, domin in an zo ɓarewa sai ta taho da sabon fentin. A 1925 Drew ya samar da tef ɗin takarda mai sassauƙan gam wanda ke fita ba tare da ɓarna ba, a 1930 kuma ya fito da tef mai garai-garai mai suna Scotch. Tef mai zare a ciki wanda ba ya jin ruwa, wato dak-tef, ɗan yaƙin duniya na biyu ne: wata ma'aikaciyar kamfanin harsasai, Vesta Stoudt, ta rubuta wa Shugaban Amurka Roosevelt wasiƙa a 1943 tana neman a samo abin da zai rufe akwatunan harsashi ya kuma buɗu da sauri a fagen fama. Tef ɗin wuta na PVC, wato wata irin roba mai laushi, ya biyo baya a 1946.

## Gam ɗin

Gam iri uku ne suka mamaye harkar. Na roba shi ya fi saurin kamu da araha, kuma yana manne wa kusan komai tun daga taɓawar farko. Amma rana da zafi da maiƙo abokan gabarsa ne. Da ya kwana biyu, ko dai ya bushe ya zama gari, ko ya narke ya zama kamar ƙaro. Duk wanda ya taɓa warware tsohuwar waya ya tarar da hannunsa ya yi baƙi ƙirin yana yauƙi, wannan gam ya gamu da shi.

Na akirilik bai da garaje. A ranar farko kamar ba zai riƙe ba, amma ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Kamfanin 3M ya ce tef ɗinsa mai fuska biyu na VHB, wanda ya fito a 1980, yana kai rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 cikin ɗari bayan awa 24, sai bayan awa 72 yake cika. Mai gaggawar da ya liƙa abu ya rataya masa nauyi nan take, sai ya zargi tef alhali bai ba shi lokacinsa ba. Wannan gam yana jure rana da tsufa, shi ya sa ya dace da aikin da zai zauna a waje.

Na silikon shi ne mai tsada, kuma shi ake nema in zafi ya wuce misali. Yana iya kaiwa wajen digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma fita bai bar gurbi ba.

Fuskar da za a liƙa wa ita ma tana da ta cewa. Ƙarfe da gilashi suna karɓar gam hannu bibbiyu. Robar foliyetilin da folifurofilin, irin ta jarkoki da bokitai, da kuma Teflon, wadda ake shafa wa tukwane don kada abinci ya kama, ƙin gam suke yi, kamar yadda ruwa ke dunƙulewa a kansu ya gangara. Irin waɗannan sai an nemi tef da aka yi musamman dominsu. A kan kowace fuska kuwa, ƙura da maiƙon hannu sun fi komai kashe manni. A goge wurin da sifirit, a bari ya bushe, a danna tef ɗin sosai da babban yatsa ko abin murzawa. Cikin tsananin sanyi gam yakan ƙage ya ƙi shiga ramukan fuskar, don haka ɗan ɗumama wurin yana taimakawa.

## Tef ɗin wuta

Baƙin tef ɗin PVC shi ne aka fi sani, shi ne kuma aka fi ɗora wa aikin da ba nasa ba. Mai kyau, irin Scotch Super 33+, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, an yarje masa wuta har bolt 600 da zafi har digiri 105. Na gama-gari da yawa a digiri 80 suke tsayawa. Alamar UL 510 ko IEC 60454 a jikin kwali tana nuna an gwada shi a matsayin abin tare wuta, ba baƙin salatif ba ne kawai.

Naɗa shi ma da ƙa'ida. Ana ɗan ja masa ya miƙe don ya rungumi wayar, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, a fara daga kan rigar wayar a ƙare a kan rigar ɗaya ɓangaren. Zagayen ƙarshe ba a ja masa, kuma yankewa ake yi da almakashi. In aka finciko shi ya tsinke, bakin zai koma da baya sannu a hankali ya ɗage kamar tuta, daga nan warwarewa ta fara. Abin da tef ba ya yi shi ne riƙe mahaɗa. Wayoyi biyu da aka murɗa da hannu aka lulluɓe da tef, mahaɗarsu za ta saki, ta yi zafi, zafin ya narkar da gam. Dole a fara haɗa su da dalma ko da maƙalin waya, tef ya zo a matsayin riga.

Launukansa ba ado ba ne. A tsarin ƙasa da ƙasa na IEC, kore da rawaya a haɗe na wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa don kariya ne, shuɗi na wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka kuma na wayoyin da ke ɗauke da wuta. Wasu ƙasashe, kamar Amurka, suna da nasu tsarin daban.

Akwai wani ɗan uwansa wanda ba shi da gam ko kaɗan. Roba ce ko silikon da ake ja ta miƙe sosai a naɗa, sai ta narke cikin kanta ta zama dunƙule ɗaya da ruwa ba ya ratsawa. Ita ake sa wa mahaɗar wayar eriya da duk abin da zai sha ruwan sama. Ba ta warwaruwa, sai dai a tsaga da reza. Ta roba ana ƙara mata tef ɗin PVC a sama don kare ta daga rana da gogayya.

## Inda zafi yake

Dalmar gargajiya, kashi 63 kuza da 37 darma, tana narkewa a digiri 183, wadda ba ta da darma kuwa sai wajen 217. Bakin ƙarfen narka ta ya kan wuce digiri 300. A irin wannan wuri tef ɗin PVC ba ya ko minti ɗaya. Nan ne Kapton ke shigowa, wani siririn tef mai launin zuma da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro jikinsa a shekarun 1960. Jikin yana zama daram daga digiri 269 ƙasa da sifiri har zuwa 400, amma gam ɗin silikon da ke bayansa ya kan gaza tun kafin nan, don haka iyakar tef ɗin ta gam ce. Mai gyaran wayar salula da zai cire wani ɗan ƙanƙanin abu da iska mai zafi ya kan fara lulluɓe maƙwabtansa da Kapton, musamman soket-soket na roba, don kada su narke ko iskar ta hure su.

Jabunsa ya yi yawa, leda ce kawai aka rina ta yi ruwan zuma. Gane shi ba wuya: a yanko ɗan guntu a ɗora masa bakin ƙarfen dalma. Na gaske ba ya narkewa, jabu kuwa nan da nan zai tattare ya huje.

Rawayan tef ɗin da ake gani a jikin ƙananan taransifoma foliyesta ne, mai jure digiri 130, kuma siririntarsa ce ta sa ake raba naɗin waya da shi. A cikin mota an fi son tef ɗin yadi wajen ɗaure damin wayoyi, saboda yana hana su ƙara in suna bugun ƙarfe, ba ya kuma yin yauƙi da zafin inji. Tef ɗin jan ƙarfe da na alminiyon aikinsu akasin na sauran ne, wuta suke ɗauka, ana shimfiɗa su a cikin akwatin na'ura don tare hayaniyar siginar waje. Wanda zai jera su ɗaya kan ɗaya ya tabbatar gam ɗinsu ma mai ɗaukar wuta ne, in ba haka ba kowane falle zaman kansa zai yi.

## Na teburin aiki

Tef ɗin takarda na masu fenti an yi shi ne don a cire. Mai ruwan ƙwai in ya kwana biyu a rana sai ya kafe, a yi ta kankara. Shuɗi ya kan ba da kwana 14. Ana ɓare shi a hankali, a karkace, kafin fenti ya gama taurara. Kafintoci sukan liƙa shi a kan layin da za su yanka a filawud don kada bakin ya tsattsage.

Dak-tef ya yi suna, har 'yan sama-jannatin Apollo 13 sun yi amfani da shi a 1970 wajen harhaɗa matatar iskar da ta ceci rayukansu. Amma gyaran wucin gadi ne gwanintarsa. Wani gwaji da aka yi a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a 1998 ya nuna yana saurin sakin bututun iskar ɗumama gida, wato aikin da sunansa na Turanci ke nuni da shi. Ba abin tare wuta ba ne, kuma bai kamata ya kusanci tsirarar waya ba.

## Sauran kayan kariya

Ga mahaɗar ƙananan wayoyi, bututun roba mai tsukewa da zafi ya fi tef nesa ba kusa ba, domin ba shi da bakin da zai ɗage. Kamfanin Raychem, wanda Paul Cook ya kafa a 1957, shi ya fito da shi. Ana rubuta masa 2:1 ko 3:1, ma'ana faɗinsa zai koma rabi ko sulusi. A zaɓi wanda zai wuce ta kan mahaɗar kafin a gasa, ya kuma matse rigar wayar bayan an gasa. Mai gam a ciki yana toshe ruwa. Kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi shi ne gama haɗa waya tsaf, sannan a hango bututun a kan tebur ba a zura shi ba.

Masu haɗa batiran litiyom sukan sa takarda mai tauri, ko zoben takarda a kan kowane batir, saboda rigar ledarsa siririya ce, gefen ƙarfe na iya yanka ta ya haɗa wuta. Allon cikin na'ura, wanda ake dasa wa ƙananan kayan lantarki, in zai zauna cikin danshi ana fesa masa wani siririn shafi kamar banish, bayan an rufe soket da maɓallai da tef. Silikon ɗin bututu mai warin tsami, irin na liƙa gilashi, yana cin jan ƙarfe, sai a nemi marar wannan wari.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Ɓare tef daga gammonsa yana tara caji ta hanyar gogayya, har masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka nuna a 2008 cewa in aka ɓare salatif a wurin da aka zuƙe iska yana fitar da hasken hoton ƙashi. A kan tebur abin bai kai haka ba, amma ya isa ya kashe ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura ba tare da ko tartsatsi ba. Don haka ake warware tef nesa da allo, ko a sayi wanda aka rage wa wannan hali. Mai aiki ya kan ɗaura igiya a wuyan hannu wadda ke sauke cajin jikinsa zuwa ƙasa, da abin rage gudun wuta na om miliyan ɗaya a cikinta don kare shi kansa. Ledar ajiye kayan lantarki mai ruwan hoda ba ta tara caji, amma ba ta tare na waje. Mai ƙyallin azurfa ce ke tarewa.

## Ajiya

Tef yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Masu ƙera shi sukan ba da shawarar wuri mai inuwa, wajen digiri 21, ba danshi da yawa. Gammon da aka bari a cikin mota ko kusa da taga, gam zai tsattsafo ta gefensa ya kwashi ƙura, wani lokaci ma tsakiyarsa ta turo waje kamar mazurari. A ajiye shi a kwance cikin ledarsa, a kuma lanƙwasa bakinsa kaɗan bayan kowane amfani don kada a yi ta laluben sa da farce.