Tiyatar Haɗe Ƙashin Baya: Matsalolin da Ba Kasafai Ake Gani Ba

Mece ce wannan tiyata?

Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya, likitoci na kiransu L1 zuwa L5. Idan ɗaya ya goce, ko ya karye, ko tarin fuka ya cinye shi, akan ɗaure shi da na kusa da shi da ƙusoshi da sandunan ƙarfe, a dasa ɗan ƙashi a tsakani don su manne su zama ɗaya. Mannewar kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. A nan Sakkwato, masu irin wannan lalura sukan je cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin lafiya lau suke tashi.

Wace matsala ce ta fi gaggawa?

Taruwar jini a wurin da aka yi aikin. Gudan jinin yakan danne jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu da mafitsara, galibi a sa'o'in farko ko kwanakin farko. Ga yadda abin yake zuwa: wanda da safe yake motsa yatsun ƙafa, da la'asar ya kasa. Mara ta cika tam amma fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya zubo bai sani ba. Idan ya zo tsarki, sai ya ga ba ya jin taɓin ruwa a matse-matsinsa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne kunya. Dattijo ba zai iya faɗa wa ɗansa da ke jinyarsa irin wannan magana ba, sai ya yi shiru yana cewa da sauƙi. Alhali magani shi ne a koma ɗakin tiyata a kwashe jinin nan take, jinkiri kuwa yana iya barin mutum da shanyewar ƙafa ko robar fitsari har ƙarshen rayuwa. Don haka mai jinya ya riƙa tambaya kai tsaye: "Baba, ka yi fitsari? Kana jin ƙafar?" Ko tsakar dare ne a taso da ma'aikatan jinya.

Me ke kawo ciwon kai bayan aikin baya?

Wani lokaci ƴar fatar da ta lulluɓe jijiyoyi takan huje, ruwan laka ya riƙa yoyo. Alamarsa ita ce kai ya sara idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. Ruwa garai-garai yana iya jiƙa bandeji. A koma wa likita, domin ƙwayar cuta na iya bin wannan kafa ta jawo sanƙarau.

Da gaske ne ana iya rasa gani?

Gaskiya ne, amma da wuya ƙwarai. Yakan faru ne idan aikin ya daɗe ana kwance rub da ciki, jini kuma ya zuba da yawa, har jijiyar ido ta rasa isasshen jini. Wanda ya farfaɗo yana gani dishi-dishi ya faɗa a take.

Aikin na shafar haihuwa?

Idan ta gaba aka bi, wato aka yanka ciki, aka isa ga ƙashin, wasu maza ƙalilan maniyyinsu kan riƙa komawa mafitsara. Mai neman haihuwa ya tambayi likita ta inda za a bi tun kafin ranar aiki.

Bayan an sallamo mutum fa?

Kumburin sha-raɓa guda, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, alamar gudan jini ce, asibiti za a nufa. Haka zazzaɓi ko mugunya a bakin ɗinki, musamman mai ciwon suga a wannan zafi namu. Idan ƙashin bai manne ba, ƙusa na iya karyewa bayan watanni, kuma shan taba na ƙara wannan haɗari. Kada a kai wa mai ɗori bayan da ke da ƙarfe a ciki. Wanda ya zo daga Illela ko Ƙonni gara ya ɗan zauna cikin gari kafin ya kama hanya. A haƙura da hawa kabu-kabu, a yi salla a zaune, har sai likita ya ce a fara ruku'u.