Zaɓen abokin aure a mahangar juyin halitta

Wannan wani reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam dake binciken dalilin da yasa wani ke kwanta ma mutum a rai wani kuma bai kwanta ba. Masu fannin na ganin ba al'ada ce kaɗai ba, akwai abinda aka gado tun kaka da kakanni.

Tarihi

Maganar ta faro ne daga Charles Darwin na Ingila, kuma jelar ɗawisu ce ta hana shi sakat, ga nauyi ga ɗaukar ido, namun daji na hango tsuntsun tun daga nesa, to meye amfaninta? A wata wasiƙa ta 1860 har cewa yayi ganin gashin nan ma sa shi ciwo yake. A 1871 ya kawo amsa, wai matan ne ke zaɓe, mai jelar da tafi kyau shi ke barin 'ya'ya. Masanan zamaninsa basu ɗauki zancen da muhimmanci ba, sai bayan kusan shekara 100 ya farfaɗo. A 1972 Robert Trivers ya ƙara da cewa jinsin da yafi shan ɗawainiyar haihuwa shi yafi tsantseni wajen zaɓe, a mutane kuwa mace ce da goyon ciki wata tara, ga shayarwa har zuwa yaye.

Binciken Buss

A 1989 David Buss na Amurka ya fitar da sakamakon tambayar mutum sama da 10,000 daga al'ummomi 37, harda Najeriya da Zambiya. Mata sunfi maza duba abin hannun miji, maza sunfi duba ƙuruciya da kyau, kuma mazan Najeriya da Zambiya ne suka nemi tazarar shekaru mafi yawa, wajen shida zuwa bakwai. Budurci kam ya bambanta sosai, a Chana da Indiya babban abu ne, a Suwidin ba'a damu ba. Amma abinda ake yawan tsallakewa, kuma shine mafi muhimmanci gaskiya, maza da mata duk sun sa kirki da hankali sama da kuɗi da kyau.

Wari

A 1995 Claus Wedekind a Suwizalan yasa mata sun shinshina rigunan da maza suka kwana biyu dasu, sunfi son warin wanda garkuwar jikinsa ta bambanta da tasu. Binciken da suka biyo baya basu tsaya akan magana ɗaya ba.

Suka

Alice Eagly da Wendy Wood a 1999 sunce bambancin maza da mata da Buss ya gano na raguwa inda mata keda nasu samun, har yanzu ana jayayya akai. Wasu kuma sunce abinda mutum ke faɗa a takarda daban, wanda yake so in sun haɗu ido da ido daban, sannan a al'ummomi da yawa ma iyaye ne ke zaɓa ma 'ya'yansu.