Korar 'yan Cherokee daga ƙasarsu: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne 'yan Cherokee?

Ƙabila ce daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Ƙasarsu tana kudu maso gabas, a tsaunukan da yau suka raba jihohin Jojiya, Tennessee, Alabama da Karolina ta Arewa. Manoma ne masu garuruwa da shugabanni. A 1821 wani ɗan ƙabilar mai suna Sequoyah ya ƙirƙiro haruffan rubuta harshensu, a 1827 suka rubuta kundin tsarin mulki, a 1828 kuma suka fara buga jarida da harshensu da Turanci.

To me ya jawo aka kore su?

Kwaɗayin ƙasa. Manoman auduga sun daɗe suna hangen gonakinsu, sai kuma aka gano zinari a yankin Dahlonega na Jojiya, mutane suka yi ta kwarara kamar fari. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun yankin zuwa yamma da kogin Mississippi. Abin da ke ci mini rai shi ne, mayaƙan Cherokee sun taya Jackson ɗin nan yaƙi a 1814.

Ba su kai ƙara ba?

Sun kai, kuma gaskiya ta fito. A shari'ar 1832, Kotun Ƙolin Amurka ƙarƙashin alƙali John Marshall ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Cherokee. Amma hukunci yana buƙatar mai zartarwa. Jojiya ta yi kunnen uwar shegu, gwamnatin Jackson ba ta tilasta mata ba, jihar ta ci gaba da raba gonakin mutane ga Turawa ta hanyar ƙuri'a, masu su suna zaune a ciki.

An ce ai da yardarsu aka yi, har da yarjejeniya. Haka ne?

Akwai takarda, amma ba ta jama'a ba ce. A Disambar 1835 wasu 'yan tsiraru, ciki har da Major Ridge da Elias Boudinot, suka sa hannu a garin New Echota, suka sayar da ƙasar kan dala miliyan 5; John, ɗan Ridge, ya sa nasa hannun daga baya. Ba su da izinin majalisar ƙabilar. Suna ganin tafiyar ta zama dole, gara a karɓi abin da ya samu. Shugaban ƙabilar, John Ross, ya tara sa hannun mutane kusan 15,000 da suka ƙi amincewa. Duk da haka Majalisar Dattawan Amurka ta tabbatar da yarjejeniyar a 1836, da ratar ƙuri'a ɗaya tak.

Yaya tafiyar ta kasance?

A watan Mayun 1838, zamanin Shugaba Martin Van Buren, Janar Winfield Scott ya shigo da sojoji kusan 7,000. Aka riƙa bi gida gida ana fitar da mutane, wasu da tufafin jikinsu kawai, aka zuba su a sansanoni cikin zafi. Atini da ƙyanda da tari suka fara cin yara da tsofaffi tun ba a tashi ba. Yawancin ayarin sun kama hanya da kaka, sanyi ya riske su, ƙanƙara ta hana su haye kogin Mississippi, suka yi makonni a bakin ruwa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, galibi a ƙafa, zuwa inda ake kira Oklahoma a yau. Cikin mutum kusan 16,000, an ƙiyasta kimanin 4,000 sun mutu, har da Quatie, matar John Ross. Shi ya sa ake kiran tafiyar Hanyar Hawaye. Akwai kuma baƙaƙen bayi da attajiran ƙabilar suka mallaka, waɗanda suka sha wahalar nan ba tare da an cika tunawa da su ba.

Ina suke yanzu?

Isarsu ke da wuya rikici ya ɓarke. A Yunin 1839 aka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot rana guda. Daga baya 'yan ƙabilar suka sake kafa gwamnati a Tahlequah, wadda har yau ita ce hedikwatarsu. Wasu kaɗan da suka tsira a tsaunukan Karolina ta Arewa, zuriyarsu na can. Yarjejeniyar 1835 ta tanadar musu wakili a Majalisar Wakilan Amurka, amma sai a 2019 suka gabatar da Kimberly Teehee, suka nemi a ba ta kujerar.