Tseren Keken Tsauni na Ratsa Daji

Tseren keken tsauni na ratsa daji gasa ce da mahaya kekuna suke tashi a lokaci guda, su bi hanyar da aka shata a cikin daji ko a gefen tsauni, inda akwai hawa da gangare da duwatsu da saiwoyin itatuwa, wanda ya riga kowa tsallaka layin ƙarshe kuma shi ne ya yi nasara. Abin da ya bambanta ta da tseren kan kwalta shi ne ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya wadatarwa, domin mahayi yana buƙatar juriyar hawa da gwanintar sarrafa keke a gangare, kuma duk wanda ya gaza a ɗaya to ɗayar ba za ta cece shi ba.

Wasan ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. Hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, mai hedkwata a garin Aigle na Suwizalan, ta shirya gasar duniya ta farko a 1990 a Durango ta jihar Kolorado, Ned Overend da Juli Furtado suka lashe ta. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta, inda Bart Brentjens na Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ɗauki lambobin zinare.

Nau'in da ake yi a Olamfik shi ne ake kira XCO. Ana zagaya fili mai tsawon kimanin kilomita 4 zuwa 6 sau da dama, tseren manyan 'yan wasa kuma yakan ɗauki kusan awa ɗaya da rabi. Akwai gajeren tsere na kimanin minti 20, wanda aka shigar cikin gasar cin kofin duniya a 2018, akwai kuma dogon zango da yake farawa daga kilomita 60. Daga cikin masu kwanaki da yawa, wanda ya fi shahara shi ne Cape Epic na Afirka ta Kudu, da aka fara a 2004, ana yin sa kwana takwas, mahaya biyu-biyu.

Babu wani ɓangare na tseren da ya kai tashin farko muhimmanci, kuma wanda bai taɓa lura da shi ba zai yi mamakin irin gudun da ake yi a mintunan farko. Dalilin kuwa shi ne filin tashi yana da faɗi, amma ba a jimawa hanya take tsukewa ta zama siririyar turba wadda keke ɗaya kawai take ɗauka. Wanda ya shiga turbar a baya dole ya bi sawun na gabansa, idan kuma mutum ɗaya ya kuskure a kan dutse ya sauke ƙafa, duk na bayansa sai sun tsaya, alhali na gaba suna ƙara nisa. Saboda haka ake jera 'yan wasa a layin tashi bisa matsayinsu, a gasar cin kofin duniya kuma sakamakon gajeren tsere ne yake tantance waɗanda za su tsaya a layukan gaba. Sai dai wanda ya ƙona ƙarfinsa duka a zagayen farko don neman wuri yakan biya bashin a zagaye na huɗu ko na biyar, lokacin da gajiya take rage kaifin ido, hannu ya yi nauyi a kan birki, kuskure kuma ya yawaita a gangare.

Keken wannan tsere yana da nauyin kusan kilo 10, faɗin da'irar tayoyinsa inci 29 ne, galibi babu tub a cikinsu sai wani ruwa mai toshe ƙananan huji. Yawancin mahaya a yau suna amfani da mai shokozoba gaba da baya, da sirdin da ake iya sauke shi ƙasa a gangare. Yawan iskar taya ma shawara ce mai nauyi, domin idan ta yi kaɗan taya takan kama ƙasa sosai amma dutse yana iya fasa ta, idan ta yi yawa kuma keke ya riƙa tsalle yana zamewa. Hular kwano wajibi ce.

A farkon wasan, doka ta ɗora wa mahayi gyaran kekensa shi kaɗai. Yanzu akwai wuraren da aka keɓe inda makanikai suke sauya taya, mataimaka kuma su miƙa ruwa, amma ba a yarda a sauya keken gaba ɗaya ba. Akwai kuma dokar kashi 80, wadda take cire duk wanda tazararsa da jagora ta kai kashi 80 cikin 100 na lokacin da jagoran ya yi a zagayen farko, don kada ya tare wa na gaba hanya.

Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya zama zakaran duniya sau 10 ya kuma ci zinare a Rio a 2016, shi ne ake yawan kafa misali da shi wajen haɗa juriya da gwaninta. A Olamfik na Paris a 2024, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta lashe tseren mata da tazara mai yawa. A na maza kuwa tayar Tom Pidcock na Birtaniya ta yi faci, ya yi asarar fiye da rabin minti, duk da haka ya cim ma Victor Koretzky na Faransa, wanda yake kan gaba, ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ne ya zo na uku a ranar, kuma kafin shekarar ta ƙare ya zama zakaran duniya a Andora.